Ba Ni Na Koya Miki Toka Ba

Madarumfa, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Ladi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malamanku na jami'a. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe.

Mu nan gida da sauƙi. Babanku lafiya lau, sai gwiwar nan tasa da ke tashi in ya daɗe a gona. Ya ƙi zuwa likita, wai man zafi ya ishe shi. Rabi ta warke daga masassarar, ta koma makarantar lakwal tun Litinin. Habsu lafiyarta ƙalau, ba ta da aiki sai tambayar tsarabar Yamai tun ba ki tafi ba. Gwaggonki ta Ɗan Issa jirin nan ya sake taso mata, amma tana shan magani. Tunkiyarki ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Ni jikina lafiya, abinci ne ba ya shiga sosai. Akwai kuma mutum ɗaya da ba ta da lafiya, wadda ban taɓa sa sunanta cikin gaisuwar gidanmu ba: Iya Tanoma, tsohuwar nan ta gidan Anna, masu bin al'adar gargajiya, da ke zaune ita kaɗai can bakin gari, wajen tafki. Tana kwance tun girbin gero. Saboda ita nake rubuta miki.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san hannun da ya fara riƙe bik yana da shekara arba'in ba ya tafiya a miƙe. Kwana uku ina kan takardar nan. Na san Maradi ba nisa, na kuma san da na kira ki a salula da tuni an gama. Sau biyu na ɗauka ina ajiyewa. In na ji muryarki kina cewa "Inna, lafiya dai?" zan ce lafiya lau, in tambaye ki ko kin ci abinci, in kashe. Takarda kuwa ba ta tambayata ko lafiya.

Na karanta tsarin bikin kimiyyar Yamai da kika aiko. Allah ya yi miki albarka da kika bi Faransancin layi layi kika rubuta mini Hausarsa a gefe da jan bik. Na ga za a yi magana a kan taurari, da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, da sauro, da wutar da ake samu daga rana, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a arewa. Na ga kowa na iya shiga, ba sai mai takardar lakwal ba. A rana ta uku na ga naki jawabin da kika ja wa layi: ajiyar wake ba tare da guba ba. Na sa yatsa a wurin na daɗe. Na san kuma daga bikin ba gida za ki dawo ba, can za ki zauna shekara biyu kina ƙarin karatu.

Kin ce mini za ki buɗe jawabinki da hotona, wanda kika ɗauka ina tankaɗen toka a tsakar gida, ki ce wa mutane: "Wannan ita ce ta fara koya mini." Kada ki yi. Ki cire hoton. Ƙarya na yi miki. Ba ni na koya miki toka ba.

Bari in fara daga farko, don ki san irin uwar da ta haife ki.

Shekarar da kike da bakwai wake ya yi kyau. Babanku ya tafi cin rani Katsina, ya bar mini buhu huɗu, ni kuma ina da cikin Rabi. Ana cikin haka malamin gona ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya yi bayani a kan ƙwayar nan mai launin toka da ake sa wa buhun wake don ƙwari. Na tsaya sauke tukunya, ko da na isa ya gama magana, yana raba wata takarda mai hoton wake. Na ga mata suna karɓa, ni ma na miƙa hannu. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, akwai mai karanta miki a gida?" Na ce akwai. Babu kowa. Na ji nauyin in ce babu a gaban mata, alhali rabinsu su ma ba su da shi. Na kawo takardar gida, na ga tana da kauri da santsi, sai na ƙunshe 'yan kunnen aurena a ciki na jefa ƙasan akwati.

Ranar kasuwa na sayi ƙwayar. Na sa a buhunan yadda na ga maƙwabta suna yi. Rumbunmu jinkarsa ta lalace, ga tsoron ɓarayi tun da ba namiji a gida, sai na ja buhunan nan huɗu na shigar da su ɗakin da muke kwana. Na jera su jikin bango, daidai inda nake shimfiɗa miki tabarma. Na toshe taga da tsumma don sanyi.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma daga gare shi sauran suka fito. Ga abin da nake so ki ɗauka: in kin je Yamai, za ki shiga ɗakunan da ake maganar abin da ba ki sani ba. Ke wake kika karanta, ba taurari ba. Kada don an kira ki malama ki zauna kina gyaɗa kai. Ki ɗaga hannu ki ce ban gane ba. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba ranar naki jawabin, ki ce ban sani ba, da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Kunyar wannan ba ta wuce minti ɗaya. Tawa yau shekara goma sha bakwai.

Yanzu sai Iya Tanoma. Ba ki tuna ta sosai, don ni na hana a ambace ta a gidan. A lokacin ɗakinta na bayan dangarmu. Ita ce ungozomar unguwa, ita ta yanke miki cibi. Ba ta salla, tana bin al'adar kakanninta, amma ba wanda ya damu da wannan in naƙuda ta zo. Daddawa take sayarwa, kuma duk unguwa an san wakenta ba ya ƙwari. Ke kuwa 'yar fari ce. Kin san al'ada: ba na kiran sunanki, ba na ɗaukarki a gaban mutane, ba na wasa da ke, in kin faɗi sai in kau da kai wata ta ɗaga ki. Haka aka yi mini, haka na yi miki, har ina jin daɗi mata suna cewa Hajara akwai kunya. Yaro kuwa inda ake yi masa dariya can yake zuwa. Kullum sai ki bi ta ɓular danga ki tafi wurinta. Ki dawo fari fat da toka har gira, in yi ta faɗa. Can kika ga ana shanya wake a rana, ana tankaɗe toka, ana cakuɗawa, ana zubawa a tulu a liƙe bakinsa da laka. Hannuwan da kika ce kina tunawa cikin toka, masu zobe na jan ƙarfe, nata ne. Ni ban taɓa sa zoben jan ƙarfe ba.

Kwana biyu da shigar da buhunan, da safe kika kasa tashi. Kina amai, kina riƙe ƙirji, numfashinki sama sama. Ni ma kaina na sarawa, zuciyata na tashi, amma na ce laulayin ciki ne, kuma ni bakin ƙofa nake kwana. Kazar da ke kwanci a bayan buhunan na same ta a mace. Na yi kururuwa, mata suka cika ɗakin. Kina kwance idonki a rufe, sai kika fara kira: "Iya Tanoma. Iya Tanoma."

Wata ta ce, "To, ga shi ta faɗa da bakinta." Kin san abin da ake cewa, wanda maye ya kama kurwarsa sunan mayen yake kira. Wata ta nuna kazar. Wata ta ce da ma Anna ai sai a hankali.

Ladi, ina so in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ba su suka fara fita ba, ni ce. Kuma ba tsoro kaɗai ya fitar da ni ba. Kina tsakanin rai da mutuwa, ina durƙushe a kanki, ba ni kika kira ba. Wannan ya ƙona ni fiye da yadda zan iya rubutawa. Da aka ba ni wata fassara wadda ba ta ce na kasa zama uwa ba, sai na cafke ta da hannu biyu.

Na je na same ta tana tsinkar gawo wa akuyarta. Na kama zanenta na jawo ta, mata na bina. Aka fito da ke tsakar gida aka kwantar ƙarƙashin dogon yaro, aka ce ta tsallaka ki sau uku ta saki kurwarki. Ta dube ni ta ce, "Hajara, ni? Ni da na yanke mata cibi?" Na ce, "Tsallaka, mayya." Da bakina na faɗa, a gaban kowa. Ta leƙa ɗakin, ta ja da baya tana toshe hanci, ta ce, "Ɗakin nan naku wari yake kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ku bar yarinyar nan a waje ta sha iska." Wata ta ce, "Ji ta, har tana ba da magani!" Aka yi mata ihu. Sai ta tattare zane ta ce, "In tsallakawata za ta tashe ta, ko sau ɗari ne in yi." Ta tsallaka ki sau uku.

Muka bar ki a nan inuwa, ba don mun ji maganarta ba, sai don mata sun ce kada a mayar da ke inda aka kama ki. Kafin la'asar kika buɗe ido kika nemi kunu. Gwaggonki ta zo ta tafi da mu Ɗan Issa muka yi sati biyu, kafin mu dawo warin ya fita. Gari duka ya ce an gani da ido: ta tsallaka, yarinya ta tashi. Warkewarki ita ta zama shaida a kanta.

Daga ranar ba a ƙara sayen daddawarta ba. Ba a ƙara kiranta haihuwa ba. In ta zo rijiya sai mata su janye gugansu su koma gefe har ta gama. Uwaye na jan 'ya'yansu in ta gifta. Ɗanta ya kwashe iyalinsa ya koma Gabi, ya ce ta bi shi, ta ce ba ta barin kabarin mijinta. Kafin damina ta kwance ɗakinta ta koma bakin tafki. Ke kuma na toshe ɓular danga da ƙaya, na ce in na ƙara jin sunan nan a bakinki sai na fasa shi. Kin yi kuka kwanaki, daga baya kika daina.

Abin da zan ce miki a nan, ke kin fi ni saninsa, don shi ne aikinku. Na ga yadda kike jera tuluna, wannan da toka, wannan da rairayi, wannan ba komai, ki jira watanni kafin ki ce ga abin da ya hana ƙwari. Da na tambaye ki amfanin tulun da ba komai, kika ce, "Inna, in babu shi ta yaya zan san tokar ce ta yi aiki?" Ranar sai da na shiga ɗaki na zauna. Mu ba mu ajiye tulun da ba komai ba. Abu biyu suka faru a tsakar gidan nan, tsallakawa da iska, muka ɗauki wanda ranmu ke so. To, haƙurin da kike yi wa wake, ki yi wa mutane. A Yamai za ki zauna da waɗanda ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Ranar da abu ya ɓace, ko aiki ya lalace, za ki ga yadda ido ke saurin komawa kan wanda ya bambanta. Kuma in kika ji wata fassara ta yi miki daɗi ƙwarai, ta wanke ki tas, ki tsaya ki sake dubawa.

Kuskure na uku ya fi waɗannan muni, don su cikin jahilci na yi su.

Kin tuna lokacin da aka buɗe ajin manya na yaƙi da jahilci, kika matsa mini sai na shiga? Da ido ya buɗe, ba takardar da nake bari. Babanku har tsiya yake mini: "Hajara, ko ƙunshin tsire aka kawo sai kin karanta kafin a ci?" In ce masa, "Kai dai ci naka, Malam, ni ina biyan bashin ido." Wata rana, shekara shida ke nan, ina gyaran akwati na ci karo da ƙunshin 'yan kunnen nan. Na ga ashe da Hausa aka rubuta. Na yi murna, na zauna bakin gado ina haɗa baƙaƙe ɗaya ɗaya. Layi na biyu, da manyan baƙaƙe: kada a ajiye buhun da aka sa wa wannan magani a ɗakin kwana. A ƙasa an lissafa alamomin wanda ya shaƙa: ciwon kai, amai, ƙuncin ƙirji. An ce a fitar da shi waje ya sha iska, a kai shi likita.

Na karanta sau uku, ina fatan ni ce ban iya ba. Na iya.

Kin san abin da na yi? Na naɗe takardar, na mayar da 'yan kunnen, na rufe akwati, na je na ɗora tuwo. Na ce gobe zan je wurinta. Gobe ta yi na ce sai bayan salla. Bayan salla na ce sai an gama girbi. Ina tunanin matan rijiya, yadda za su ce ashe Hajara ita ta kusa kashe ɗiyarta, ta kuma ɗora wa tsohuwa. Ina ganinta daga nesa tana tsintar itace, in sauya hanya.

Bara kuma kika kai ni ƙaramin bikin kimiyyar da aka yi a Maradi. Ba zan manta ba. Na leƙa madubin nan mai ƙara girman abu, na ga ƙwan ƙwaro manne a jikin ƙwayar wake kamar ɗigon kitse. Na ga wata mata daga garin Sarkin Yamma, da goyonta, ta tashi ta tare malamin taurari da kiran da ake yi wa malaman lakwal: "Mushe, ka ce ƙasa juyawa take. To don me shekara ashirin ƙofar ɗakina gabas take kallo?" Ɗaki ya fashe da dariya, ita ko a jikinta, ta ce, "Ku yi ta dariya, ku ma ba ku sani ba." Malamin ya ce tambaya ce mai kyau, ya ɗauko lemo ya soka masa tsinke ya nuna mata. Na yi sha'awar matar nan har na ji haushinta.

Daga nan muka shiga wurin wata likita, tana magana a kan magungunan ajiyar hatsi. Ta kwatanta ɗaki mai toshasshiyar taga, da buhuna, da yaro a tabarma, kamar ta leƙa ɗakina. Ta ce yara sun fi saurin kamuwa don su ke kwana ƙasa kusa da buhu. Kina gefena kina rubutu a kayenki, ɗan littafin nan naki, ba ki san labarinki ake bayarwa ba. Da ta ce ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan, hannuna ya motsa a cinyata. Sai na taɓa ki na ce zan je in yi azahar. Ko sha biyu ba ta yi ba. Kika ce, "Inna, yanzu?" Na ce alwala ce ke ba ni wuya. Na fita na zauna bayan motoci har aka tashi.

Shawarata a nan gajera ce. Ranar da kika gane kin yi kuskure, ko a lissafinki ne, ko a kan mutum, ki faɗa kafin rana ta faɗi. Kullum yana ƙara nauyi. Kuma mai jiran gyaran ba ya ƙara ƙuruciya.

Na ƙarshe shi ne na watan jiya, da kika zo kina shirin jawabinki. Kika ce kina tuna wasu hannuwa cikin toka amma ba ki ganin fuskar, kika ce, "Ke ce ko, Inna?" Kina kallona da wani irin haske da ban taɓa samu daga gare ki ba kina ƙarama, don ban taɓa nema ba. Na ce, "Wa zai koya miki in ba ni ba?" Har na zauna kika ɗauke ni hoto da rariya. Na raba ta da sana'arta, na raba ta da maƙwabta, abu ɗaya da ya rage mata a duniya shi ne abin da ta zuba a kanki, shi ma na miƙa hannu na ɗauke.

Don haka ki faɗi sunan wanda ya koya miki, kowane ne shi. Za ki tsaya gaban manyan malamai, za ki ji kamar sunan tsohuwar Anna daga bakin tafki bai dace da wurin ba. Ya dace. Ki faɗe shi sarai yadda za su iya rubutawa.

Ranar Alhamis da ta wuce na dama fura na tafi wurinta. Hanyar da ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Na yi sallama, ta amsa daga ciki. Idonta ya tafi, ta rame ƙwarai, jikarta ce ke zuwa daga Gabi tana kwana biyu tana komawa. Ban faɗi sunana ba, ta ce, "Hajara ce? Muryarki ta tsufa." Na durƙusa na faɗa mata duka, takardar, da ƙwayar, da buhunan. Ina kuka ina haɗa magana. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Na sani tun ranar. Ai na ji warin."

Na ce, "Iya, don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Na faɗa. Wa ya ji?"

Na ce ta yafe mini don Allah. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Ni kika zo gaya wa? Ni ai na sani. Matan rijiya ne ba su sani ba." Ta lalubi kwanon furar ta kurɓa, ta ce ta yi tsami. Can sai ta ce, "Yarinyar fa? An ce ta zama malamar wake." Na ce ƙwarai, har Yamai za ta je ta yi bayani gaban jama'a. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Wannan da ke cinye mini rabin waken ɗanye? To ki ce mata tokar sai ta huce sarai, kada ta je ta ba ni kunya." Da zan tafi ta ce, "Muryarta ta yi kauri yanzu ko? Ina ta ƙoƙarin in ji yadda za ta zama."

Na gaya wa babanku da la'asar ɗin ranar. Ya ce shi ma da ya dawo cin rani bai tambayi komai ba, abin da ya tarar ana faɗa shi ya ɗauka. Ya ce zai raka ni. Ranar Juma'a da safe zan je rijiya lokacin da mata suka fi cika, in faɗa. In an sauko daga masallaci kuma mu je ƙofar mai gari, inda na karɓi takardar, in karanta ta da bakina. Ina jin tsoro, Ladi. Ina jin tsoron bakin mata, ina jin tsoron abin da za a riƙa ce wa Rabi da Habsu a hanya. Amma zan je, ko kin zo ko ba ki zo ba. Na kwafe takardar da hannuna don ranar, ta ainihin kuma ga ta nan cikin ambulan. Za ki ga tsatsar 'yan kunne a jikinta. In tana da amfani a jawabinki, ki nuna ta. In kina so ki ba da labarin duka, ki bayar, kada ki ɓoye cewa uwarki ce. Wataƙila a cikin ɗakin akwai wata mai buhu huɗu da ke jin kunyar tambaya.

Na san motarku Asabar za ta tashi. Na san kina da shiri. Abin da nake roƙo, ki zo ranar Juma'a ko na awa biyu ne, ki je ta ji muryarki. Shekara biyu da nisa, ita kuma ba na zaton za ta ga damina. Ba sai kin yi mini magana ba in ba ki iya. Zan nuna miki hanya in tsaya a waje.

Sauran kuma kin sani. Ki riƙe sallarki. Kada ki zauna da yunwa don karatu. Ki sa takardunki a jakar da ke jikinki, ba wadda ake ɗorawa saman mota ba. Ki shiga wurin malamin ƙasusuwan nan ki ji mini ko da gaske ne sun fi raƙumi tsawo. Allah ya kai ku lafiya, ya kare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya buɗe bakinki ranar jawabi, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya sa ki fi uwarki gaskiya.

Abu ɗaya ya rage. A ajin manya, ranar da madam ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta, na rubuta Rabi, na rubuta Habsu, na bar layin farko ba komai. Ta tambaya, mata suka ce, "'Yar fari ce, madam, bar ta." Aka yi dariya, ni ma na yi. Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa faɗarsa ba, ban taɓa rubuta shi ba. Iya kuwa da shi take kiranki, shi ya sa kike amsa mata da gudu. Na gwada a bayan kaye sau da yawa kafin ya miƙe. Ga shi:

Zainabu.

Zainabu, ki ba ni amsa kafin ranar Alhamis. Idi direba yana tashi daga tashar Maradi kullum da hantsi, ki ba shi ko layi ɗaya ne. In za ki zo, in je in gaya mata ta jira ki. In ba za ki zo ba, shi ma ki rubuta, kada in sa tsohuwa sauraron ƙofa a banza. Zan iya karantawa da kaina.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara